Robar Keke a Jikin Lensi

Duk yaron da ya shigo shagona a Hayin Banki, kafin ya gama gaisuwa idonsa ya riga ya sauka a kan dogon lensin da ke bisa kanta. Tambayar kuwa ba ta canzawa: "Baba Isiyaku, abu mai tsada haka ka naɗe shi da robar tayar keke?" Wani har ya miƙa hannu zai warware mini ita, wai taimako. Sai in doke hannun. Ku a wurinku ɗaukar hoto bai wuce a ɗora yatsu biyu a fuskar waya a buɗa su ba, abu ya matso, a danna, a tura wa jama'a su yi ta yabo. To tunda yau an ɗauke wuta, babu kuma mai neman fasfo, bari in gaya muku yadda robar nan ta hau lensin, wataƙila a rage taɓa mini kaya.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shara ne. Ubangidana Baba Ganiyu mutumin Ilori ne, amma a Kawo ya tsufa, Hausa a bakinsa ta fi ta wasu Hausawan daɗi. Na daɗe a shagonsa ban taɓa kamara ba, sai tsintsiya, sai wanke tasoshin ɗakin duhu, sai riƙe labule mai zanen jirgin sama a bayan masu hoton sallah. Ranar da ya fara miƙo mini lensi ma ba ɗauka ya ce in yi ba, ɗaurawa ya ce in koya. Na sa a bakin kamara na murɗa, ya ƙi. Na ƙara ƙarfi. Ban ankara ba na ji ranƙwashi a tsakar ka.

"Isiyaku, ba murfin jarka ba ne," in ji shi. "In ka ji ƙarfe ya ƙi shiga, wanda ya ƙera shi ne yake maka magana daga nesa. Tsaya ka ji me yake cewa."

Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Bayan ya sallame ni na buɗe nawa shagon, na yi shekaru ina cin abinci da fuskokin mutane. Na ɗauki amaren da suke so a ƙara musu haske har uwarsu ta kasa gane su. Na ɗauki tsofaffin ma'aikata da ake aikowa neman fasfo duk lokacin tantance 'yan fansho, kowa ya zo da hularsa ta ranar Juma'a yana ce mini, "Ka fito da ni da rai sosai, kar su ce na mutu." Sai waya ta zo ta cinye rabin sana'ar ba ko sallama. Ragowar rabin kuma shekarar da aka kulle gari saboda annoba ta zo ta kwashe. Ba biki, ba suna, ba hoton 'yan makaranta. Zaman gida ya ishe ni, na rataya kamara na gangara bakin kogi ta bayan Rafin Guza, da wani dogon lensi na hannu da na taɓa saye don ɗaukar ƙwallo. Can na tarar da tsuntsayen nan marai suna saƙa sheƙa a jikin kaba, ba ruwansu da dokar kulle. Na ɗauka don rage lokaci. Wani mai buga kalanda ya gani ya nema, malaman makaranta suka biyo baya, sai masu otal da ke son abin ratayawa a bango. Kafin in farga an fara ce mini mai hoton tsuntsaye, wasu da yabo, wasu da tausayi.

Tsuntsu yana da daɗin ciniki. Ba ya gyara hula, ba ya cewa ka rage masa tumbi. Aibinsa ɗaya, ba ya yarda ka matso. Ka yi taku guda na rashin hankali, zalɓe ya buɗe fuka-fuki ya bar ka da hoton ruwa. Shi ya sa duk mai wannan aiki ba ya ƙoshi da tsawon lensi. Akwai lensin da kamfanin kamarar da kansa ya ƙera, mu muna ce masa ɗan gida, shi kuwa sai wane da wane. Akwai na wasu kamfanoni da suke ƙerawa don ya hau kamarar wani, ɗan waje ke nan, shi ne na talaka, shi ne nawa. Nawa zuƙowa yake yi: ka murɗa shi ya miƙe ya yi tsawo ya jawo nesa, ka mayar ya koma ciki ya gajarce.

Sai kuma kambata. Wani ɗan zobe ne mai gilashi a ciki, bai fi gwangwanin madara ba, ana ɗaura shi tsakanin kamara da lensi, ya ninka maka abin da kake gani. Yara in sun ji haka sai su ce to ai shi ke nan, kowa ya sayi zobe ya huta. Ina! Mai ninkawa biyu sai ya cinye kashi uku cikin huɗu na hasken da ke shiga. Kuma ba ya ƙara wa lensi kyau ko kaɗan, abin da ya tarar shi yake faɗaɗawa, in da laushi a hoton, wato bai fito ras ba, ya ninka laushin, in hannunka na rawa ya ninka rawar. In ka haɗa shi da ɗan waje kuwa, kamara ta daina gane wa take magana da shi, ta yi ta kai da komo tana neman saiti kamar mai neman takalminsa a ƙofar masallaci, har tsuntsu ya gaji ya tashi. Dole ka koma saiti da hannu irin na zamanin Baba Ganiyu. Wannan duk in zoben ya yarda ya shiga ke nan.

Aikin da ya jawo robar nan wata mata ce ta kawo shi, ƙarshen damina, kogi ya fara ja da baya. Hajiya Ummi, ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar gwamnati, mace mai magana a taƙaice. Ta zauna a bencin nan da kuke kai, ta ce mahaifinta Alhaji Shehu, tsohon ma'aikacin ayyuka da ya yi ritaya, yana da lambu a bakin kogi. Kullum in ya idar da sallar asuba sai ya ja tsohuwar motarsa shi kaɗai ya tafi can. To kwanan nan ya fara dawowa gida yana cewa ya ga gauraki a tsibirin yashi da ke tsakiyar ruwa.

Na yi dariya, don ban san inda maganar za ta ba. Na ce, "Hajiya, gauraka a Kaduna? Rabona da shi tun ina yaro, shi ma a gidan wani attajiri na gan shi, an yanke masa fiffike."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Abin da kowa ke faɗa ke nan, Malam Isiyaku. Mai ban-ruwan lambun bai taɓa gani ba, amma shi sai rana ta fito yake zuwa. Baba ya yi rashin lafiya bara, ya warke, sai dai wani lokaci yakan kira ni da sunan marigayiya mahaifiyarmu. Likita ya tambaye mu ko yana ganin abin da babu. Ya ce in har yana gani, kar a sake barinsa ya tuƙa mota, kar kuma a bar shi kusa da ruwa. Yayana zai zo daga Abuja ƙarshen wata, ya ce zai tafi da shi, a sayar da lambun."

"Ke me kika gani?"

"Ni ban sani ba. Shi ya sa na zo. In akwai su, ka kawo mini hoto. In babu, ka gaya mini gaskiya. Amma shi ka ce masa hoton lambu na sa ka ɗauka."

Washegari na same shi a ƙofar gida a Unguwar Dosa. Dogon tsoho, farar riga ba ko lanƙwasa, alƙalami mai shan tawada a aljihun gaba kamar yanzu za a kawo masa fayil. Motar ta tsufa amma ko ƙura babu a cikinta. Ya dubi jakata da ta sha faci, ya dubi takalmina, muka shiga mota, muna wuce Kawo ya fara magana.

"Mai hoto, na san abin da aka turo ka ka ɗauka. Ba kabewa ba ce, ba kuma tsuntsu ba ne. Ni ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai lambu aka ce mini."

"To madalla. Lambun nawa yana da fuka-fuki, sai ka yi shiri."

Muka yi ta zuwa, asuba bayan asuba. Muka ga balbela, muka ga kirinjijiya, muka ga wani zalɓe da ya mai da kansa mai gadin wurin. Gauraka ko gashinsa. Alhaji ba ya gajiya, yana zaune a kujerarsa ta ninkewa yana ba ni shayi daga fulas, yana gyara mini zaman madaurin jakata duk lokacin da ya karkace. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya ƙyale. Ni kuwa a raina na fara shirya kalmomin da zan gaya wa Hajiya Ummi, masu laushi, waɗanda ba za su sa ta kuka a shagona ba.

Sai wata safiya, gari bai gama wayewa ba, ya damƙi hannuna. "Ga su can." Na miƙe lensi iyakarsa na leƙa. Can ƙarshen tsibirin, inda hazon ruwa yake kwance, akwai wasu baƙaƙen abubuwa biyu a tsaye. Na ɗauka, na ɗauka, har suka ɓace. Da na faɗaɗa hoton a bayan kamara, ɗigo biyu ne kawai masu dogayen ƙafafu. Za su iya zama zalɓe. Za su iya zama baƙar leda a jikin kara.

Na kai wa Hajiya Ummi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam Isiyaku, za ka iya rantsuwa?"

Na ce ba zan iya ba.

"Yaya ba zai karɓi wannan ba. Ni ma ban karɓa ba." Ta buɗe jaka za ta sa waya, na hango makullin motar Alhaji na biyu a ciki, mai ɗaure da jan zare. Ta ga na gani. Ta ce yayanta ya ce ta karɓe duka biyun tun yanzu, ita ce ta roƙi a bari zuwa ƙarshen wata.

Matsawa kusa ba ta yiwuwa, ruwa ne tsakani, in ka shiga kwalekwale kuma ka kore su har abada. Abin da ya rage kambata. Ina da guda mai ninkawa biyu, ya zo mini cikin wata jakar kayan gwanjo, amma ɗan gida ne, lensina kuma ɗan waje. Wanda ya dace da nawa sai an aiko daga Legas, in ma an samu, kafin ya iso an kai Alhaji Abuja. Na gwada ɗaurawa, ya ƙi. Na duba da kyau: sun bar wani ɗan haƙori na ƙarfe a bakin zoben, da gangan, don kada ya hau lensin da ba nasu ba. Na tsaya na saurari maƙerin kamar yadda Baba Ganiyu ya koya mini, na kuma gane abin da yake cewa. Gilashin kambatan nan ya turo kai waje. Shi kuma gilashin bayan lensina yana tafiya, in lensin ya miƙe ya shige can ciki, in ya gajarce ya dawo baya har bakin ƙofa. Wato muddin lensin yana miƙe akwai fili tsakaninsu. Ranar da ya gajarce da kambata a jikinsa, gilashi zai gaisa da gilashi.

Na ji maƙerin sarai. Na dai yanke shawarar ba shi haƙuri.

Akwai wani Bakatsine mai gyaran agogo a bakin titin Kawo, Malam Sale, mutumin da bai taɓa yarda akwai abin da ba ya gyaruwa ba. Na ajiye masa zoben na nuna masa haƙorin. Ya saƙala gilashinsa a ido ɗaya ya leƙa.

"Wanga ɗan abin shi ya hana ka barci? Mi Turawa suka sani ban da sa ma mutum tarnaƙi? Kawo nan."

Ya toshe gilashin da auduga don kada garin ƙarfe ya shiga, ya ɗauko wata 'yar zarto siririya kamar tsinken sakace, ya goge haƙorin tas. Na ɗaura, ya shiga da ɗan ƙara mai daɗin ji. Malam Sale ya washe baki. Na ce masa saura matsala guda, lensin nan nauyi gare shi, in ka ɗaga bakinsa sama da kansa yake zamewa ya koma ciki, makullin da aka yi masa kuma a gajarce kawai yake riƙe shi. Sai ya ƙwalla wa mai facin keke na kusa da shi kira, aka yanko mana tsohuwar roba, baƙa, duk faci, tana warin man gam. Muka miƙe lensin iyakarsa muka naɗe wuyansa tam. Ko da ƙarfi ka tura ba ya motsi.

Da Alhaji ya ga robar a mota, sai da ya rage gudu.

"Mai hoto, wannan fa?"

"Aiki ne, ranka ya daɗe."

"Aiki? Na yi shekaru ina duba ayyukan gwamnati, duk ɗan kwangilar da ya yi mini irin wannan sai ya kwance ya sake."

Na yi dariya, ban yi masa bayani ba, don mun iso kuma ina sauri in kafa ƙafafun kamara kafin haske. Saura kwana kaɗan wata ya ƙare. Na kafa, na daidaita bakin lensi da tsibiri, na bar shi a kwance sambal. Sai shayin Alhaji ya nemi hanyar fita, na zaga bayan ayaba.

Ina dawowa na ji kukan. Wanda bai taɓa ji ba ba zai gane ba, wata irin ƙara ce mai kauri daga sama, kamar ana busa tsohon ƙaho. Nan take kunnena ya tuna abin da na manta tun ina yaro. Na ruga na kama kamara, na ɗaga bakinta sama ina neman su a sararin sama.

Ƙas!

Ƙarar ba ta da yawa, ba ta fi ta cokali a jikin kofi ba. Amma ni har cikin haƙorina na ji ta. Na duba wuyan lensi, babu roba. Na waiga. Ga ta a gwiwar Alhaji, an naɗe ta tsaf, an ɗaure da zare.

"Na ga ta yi datti ne," in ji shi a hankali. "Na ce in cire maka kafin baƙi su iso."

Wallahi raina ya ɓaci. Lensin nan shi kaɗai gare ni, shi ne shagon, shi ne tuwon gidana. Da ɗana ne ya yi wannan da unguwa ta ji mu. Amma tsoho ne sa'an mahaifina, ga shi ya yi tsuru yana kallona, ga kuma inuwar manyan tsuntsaye ta wuce ta kanmu ta sauka a kan yashi. Na haɗiye abin da ya taso mini. Na miƙe lensin na leƙa: hazo fari fat, kamar an shafa wa gilashin koko. Na kwance na duba. Gilashin baya ya ɓantare a gefen tsakiya, ɗan rami kamar ƙwayar gero. Ramin ƙarami ne, amma duk hasken da ya faɗa cikinsa sai ya watsu ya wanke hoton, ga shi muna fuskantar gabas.

"Na yi ɓarna ko?" in ji Alhaji.

"An yi, ranka ya daɗe. Ba ni alƙalaminka."

"Alƙalami?"

"Baƙar tawada ce a ciki?"

"Ban taɓa rubutu da wata ba."

Wannan dabarar Baba Ganiyu ce, na ga ya yi wa wani tsohon lensi da ya faɗo daga kan tebur. Ramin da ke watsa haske, in ka cika shi da baƙi ya daina watsawa. Ka rasa ɗan haske kaɗan, amma hazo ya tafi. Na tsinko siririn tsinken ciyawa, Alhaji ya matso ɗigon tawada a bakin alƙalami, na dangwala na sa a ramin. Na hura a hankali har ta kama. Duk wannan Alhaji bai dubi tsibiri ba ko sau ɗaya, ni yake kallo. Na mayar da kambata, na miƙe lensin, kafin in nemi roba sai na ga ya riga ya kwance zaren. Shi ya naɗa ta da hannunsa, layi bisa layi, ta fi naɗin Malam Sale kyau nesa ba kusa ba.

Na leƙa. Duhu-duhu, amma hazo ya tafi. Kamara ta fara kai da komonta, na kashe mata neman saitin, na kama zoben saiti da yatsu biyu. Da irin wannan tsawo ko numfashinka girgiza hoto yake yi, don haka na sa ta ta riƙa ɗauka da kanta bayan na cire hannu. Lokaci kuma ƙanƙane ne: kafin rana haske bai isa ba, in ta ɗaga kuma iska mai zafi ta fara rawa a kan ruwa, komai tsadar lensinka hoton ya narke. Na murɗa, na wuce, na dawo. Sai ga shi ya fito: baƙin jiki, farin fiffike, fari da ja a kumatu, ga tukkun nan a ka, tsinke-tsinke ruwan zinariya, rana ta fara taɓa shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe."

"Kar ka gaya mini," in ji shi. "Ni na riga na gani. Ɗauki aikinka."

Daga bakin kogi gidansa muka wuce, muka tarar Hajiya Ummi ta biyo kafin ta tafi ofis. Alhaji ya zauna a tabarma a barandar tsakar gida ya ɗauki carbinsa kamar ba shi ake jira ba. Na miƙa mata kamara. In gaya muku gaskiya, hoton ba na kalanda ba ne. Yana da laushi, yana da tsakuwa-tsakuwa saboda ƙarancin haske, gefunan fiffiken sun ɗan yi shuɗi-shuɗi irin na ɗan waje in an matsa masa. Irin wanda ku za ku goge ba ku ko duba sau biyu ba. Ta faɗaɗa, ta matsar, ta sake faɗaɗawa.

"Baba, guda nawa ka ce kana gani?"

"Biyu. Mata da miji."

"To ka yi kuskure."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ni ma ban tsaya na duba da kyau ba.

"Uku ne, Baba. Ga ƙarami nan a bayan uwar, cikin ciyawa. Tukkunsa bai gama fitowa ba."

Ta durƙusa kusa da shi ta nuna masa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya kai fuskarsa dab da gilashin. Can ya ce, "Ashe shi ya sa ba sa nisa." Ita kuwa ta buɗe jaka ta ciro makullin nan mai jan zare, ta kama hannunsa ta sa masa a tafi, ta rufe yatsunsa a kai da nata hannun.

"Zan kira Yaya yanzu," in ji ta. "Gobe in ka idar da salla ka tashe ni. Da ni za a je."

Ko daga daji gaurakin nan suka zo, ko daga gidan wani mai hali suka tsere suka yi aure a bakin kogi, ban sani ba, ban kuma gaya wa kowa ainihin wurin ba, don na san halin mutanenmu da tarko. Da rani ya yi nisa suka tashi. Lensin bai koma yadda yake ba, har yau in na fuskanci rana sai na yi masa inuwa da hula, kuma duk bayan wani lokaci sai na sabunta ɗigon baƙin. Daga baya na samu kambatan da ya dace da shi, wanda ba ya bukatar zarto. Shawarata gare ku, in za ku sayi zobe ku sayi na kamfanin lensinku, ku tambaya ko an yi su don juna, ku gwada a shago kafin ku fita, kar kuma ku kai wa Malam Sale.

Alhaji ya so ya sake mini lensi, na ce wannan bai mutu ba tukuna. Bai ja maganar ba. Bayan 'yan makonni sai ga motarsa a ƙofar shagon nan, shi yake tuƙi, Hajiya Ummi a gefensa da ƙunshin alayyahun lambu a cinya. Ya shigo ya ajiye mini wani ɗan ƙunshi a kan kanta. Na buɗe, sabuwar robar keke ce fil, an wanke ta da sabulu, an yanka ta da reza a miƙe kamar an sa ma'auni.

"In dai dole sai an naɗa," in ji shi, "to a naɗa mai tsafta."

Na ce masa ai sabon kambatan ba ya bukatar roba. Ya ce bai tambaye ni ba. Ya ja bencin nan ya zauna, ya ɗora lensin a cinya, ya naɗa ta da kansa, layi bisa layi.

Alhaji ya ci gaba da zuwa lambunsa kowace asuba, da ƙafarsa da motarsa, har shekarar da Allah ya karɓi abinsa. Naɗin nan da kuke gani nasa ne, ban taɓa kwance shi ba. Kai mai jar hula, na ga hannunka. Mayar da shi aljihu.